Ranar da Baba Hedimasta Ya Ƙi Hoto

Har yau ban taɓa mantawa da ranar da Oga Istifanus ya aike ni Kwoi ɗaukar hoton iyalin wani tsohon hedimasta ba. Ku da kuka shigo sana'ar nan kwanan nan kuna yawan tambayata abin da ya raba mu da duk wanda ya sayi kyamara mai tsada ko babbar waya. To, ga yadda ni na gane.

Lokacin ina aiki a situdiyon Oga a nan Kafanchan. A tsarin shagon, sabon shiga yana farawa da ɗaukar jaka da yanka fasfo. Daga nan a ba shi kyamara a cikin shago, sai fita aikin waje tare da Oga. Matakin ƙarshe shi ne a tura mutum shi kaɗai, kuma ban daɗe da kaiwa nan ba. Makon Kirsimeti ne, Oga yana da aikin biki a Manchok, sai aikin Kwoi ya faɗo kaina.

Malama Rifkatu ce ta kawo aikin, malamar sakandare, babbar 'yar gidan. Mahaifinta, Baba Yohanna, ya gamu da shanyewar ɓarin jiki da damina, ya daɗe a asibiti, Allah ya tashe shi. 'Ya'yansa sun taru daga Abuja da Jos da Legas domin sujadar godiya a coci, in an tashi kuma a yi hoton iyali. Ta ce tun da suka girma ba su taɓa haɗuwa dukansu a hoto ɗaya ba, ga shi ƙaninta Bulus zai tafi aiki ƙasar waje bayan sabuwar shekara.

Da zan tafi Oga ya ce, "Ayuba, na coci kowa zai ɗauka da waya. Na gida shi ne aikinka. Kada ka dawo mini ba shi."

Na cika batir, na ɗauki na ajiya, na gwada memori, na isa tun kafin a buga ƙararrawa. A coci na lura da wani abu. Baba yana zaune a gaba, ya rufe bakinsa da hankici, kuma duk sa'ad da na ɗaga kyamara sai ya sunkuyar da kai. Sai na daina juyowa wajensa.

A gida an kwashe cittar da aka shanya a tsakar gida, an jera kujeru a gindin mangwaro, kowa ya sha anko. Baba kaɗai ake jira. Can sai ga Malama Rifkatu ta fito daga ɗakinsa idonta ja.

"Baba ya ce ba zai fito ba."

Bulus ne ya ja ni gefe ya gaya mini dalili. Shi ma mai son hoto ne, kyamarar da ke wuyansa ta fi tawa nesa ba kusa ba. Lokacin da Baba yake asibiti ya ɗauke shi a kan gado, ya tura wa 'yan uwa don su ga ana samun sauƙi. Hoton ya yi ta yawo har ya kai wayoyin tsofaffin ɗalibansa, wani ya zo gaisuwa ya nuna masa. Tun ranar ko madubi Baba bai sake kallo ba.

"Da zuciya ɗaya na yi," in ji Bulus. Na ga alama abin yana cinsa.

Rana ta fara yin ƙasa, 'yan Abuja kuma a ranar za su koma. Na roƙi Mama Saratu, matar Baba, ta ba ni izini in shiga. Na ajiye jakata a bakin ƙofa, na shiga hannu wofi, na durƙusa na gaishe shi. Ni mutumin Manchok ne, ba na jin Jaba, yaren mutanen Kwoi, don haka da Hausa muka yi. Maganarsa a hankali take fita, sai ka kasa kunne.

"Kai ne mai hoto? Ka koma, ɗana. Babu abin ɗauka a nan."

Na ɗaga kai. A bango akwai wani tsohon hotonsa, fari da baƙi, yana sanye da kwat a tsakiyar 'yan makaranta. Na tambaye shi wa ya ɗauka. Ya ce wani mutum ne da ke zuwa a keke daga Kafanchan.

"Mutumin nan sai da ya sa na gyara wuyan riga, ya tambaye ni ko na shirya. Yanzu kuwa kana kwance, miyau yana zuba, a ɗauke ka."

Na ce, "Baba, ni ba zan danna ba sai ka ce ka shirya. Kai za ka fara gani, kafin Mama ma. Wanda ba ka so, a gabanka zan goge. In duka ba ka so, in koma haka, in sha faɗan ogana."

Gaskiya ina faɗa na san in ya ce a goge duka, gogewa zan yi. Ya dube ni. Sannan ya ce, "Ɗaya."

Na ɗauko kyamara. Ban kunna fitilarta ba, domin haskenta yana bugun fuska gaba ɗaya ya tona komai. Na matsar da kujerarsa kusa da taga, na juya shi kaɗan yadda lafiyayyen ɓarin fuskarsa zai fuskanci haske, ɗayan ya shiga inuwa mai laushi. Hannun da ya mutu na ɗora a kan sandarsa, ya rufe shi da mai lafiyar. Mama ta shigo ta goge masa baki, ta gyara hula. Ya ce ya shirya, amma fuskar a ɗaure take kamar mai jiran allura. Sai na tambaye shi abin da yake yi wa 'yan makara a zamaninsa. Ya ɗago kai, ya zare mini ido yadda hedimasta yake yi, dariya tana neman ƙwace masa. Nan na danna.

Na miƙa masa. Ya ce a ba shi tabarau. Ya yi ta kallo. Ina jin hayaniyar jikoki a waje.

"Bakin har yanzu a karkace yake."

"Haka ne, Baba."

"Amma ni ne." Ya juya wajen Mama. "Saratu, kawo mini babbar riga. Ki ce su jera."

Numfashin da na sauke, Mama da kanta sai da ta yi dariya.

A waje na zaunar da shi a tsakiya, ya ɗan karkata wajen Mama, domin in sami kusurwar nan ta cikin ɗaki. Wata maƙwabciya 'yar zumuntar mata ta riƙe mini farin zane ya maido haske. Na roƙi kowa ya sa waya a aljihu, babu wanda ya yi gardama. Da na gama na kai wa Baba. Ya ce a goge wasu, har da wanda ni na fi so, inda yake dariya sosai jikarsa tana jan hularsa. Ya yi mini ciwo, amma na goge yana kallo.

Bulus ya zo ya ce ko za a iya miƙar da bakin a kwamfuta kafin a sa a firem. Na ce ana iyawa, amma a tambayi mai bakin. Baba ya girgiza kai.

"A bar shi. Godiya muka zo yi. In an gyara, daga me za a ce Ubangiji ya fisshe ni?"

Washegari Oga ya duba hotunan a kwamfuta, ya tsaya a kan na bakin taga. Ba mutum ne mai yabo ba. Cewa kawai ya yi, "Asabar akwai aure, kai za ka je."

Bulus ya san kyamara, kuma ya fi ni son mahaifinsa. Shi yana ɗaukar abin da ya burge shi a lokacin da ya ga dama, babu laifi a cikin haka. Ni kuwa an aike ni ne, dole in dawo da hoto ko haske ya ƙi ko mutum ya ƙi, kuma dole wanda ke cikin hoton ya iya rataye shi a ɗakinsa ba tare da kunya ba. Mutanen da ke zama a gabanmu, daga amarya har mai neman fasfo, yawancinsu tsoro suke ji, ko da sun yi murmushi. Fuskarsu suka ba ku amana. Saboda haka kafin ku duba batir, ku duba mutumin, kuma kada ku danna sai kun tambaye shi ko ya shirya.