Baftismar da Baba Ya Yi Mini da Ƙwarya

Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu, can gefen Falgore ta ƙasar Rogo, kafin na ɗaura niyyar neman digiri. Tafiya jami'a in zauna ba ma maganarta ake ba. Ina da yara uku, mijina manomi ne, ga mahaifina da idonsa ya mutu yana zaune a gidana. Sai dai karatu daga gida, irin wanda ake turo wa mutum darasi ta waya, ya je ya rubuta jarrabawa sau biyu a shekara. Kuma tunda ilimin addinin Kirista nake so in karanta, jami'ar coci na shiga nema.

Mu Hausawa ne Kiristoci. Har yau idan na faɗi haka a mota sai an juyo an sake kallona. Ba mu da yawa, amma kada ƙarancinmu ya ruɗe ka, mun iya rabuwa. Kowace ɗarika da yankinta, ya danganta da masu wa'azin da suka fara taka wurin. Ta wajenmu, yayyafa wa mutum ruwa ake yi a ka idan za a yi masa baftisma. Ta wajen Karaye kuwa, su Kwanyawa da Tudun Kaya, sai an nutsar da mutum gaba ɗaya. Muna auren juna, muna zuwa jana'izar juna, ban taɓa zaton wannan bambancin zai tare mini hanya ba.

Baba mai bishara ne, wato mai wa'azin ƙauye, bai yi makarantar fastoci ba. Da yake fasto sai shekara-shekara yake leƙo mu, aka ba shi izinin yi wa mutane baftisma. Ina da shekara goma sha biyu ya yi mini tawa. Da ƙaramar ƙwarya ya ɗebo ruwan rijiyar bayan coci, ya zuba mini sau uku. Har yanzu ina tuna sanyin ruwan yana gangarowa cikin wuyan rigata.

A wani shagon kwamfuta da ke Rogo na zauna muka bincika, ni da mai shagon, wani dattijon Alhaji mai haƙuri. Jami'a uku muka samu. Ta ɗarikarmu tana can kudu, kwana biyu ake yi a hanya kafin a je jarrabawa. Wa zan bar wa Baba? Ta biyu ba ta da fannin da nake so. Ta ukun tana da wurin jarrabawa a cikin birnin Kano, in tafi da safe in dawo da yamma. Ita ce ta masu nutsarwa. A gaskiya ban zaɓa ba, ita kaɗai ta rage.

Muka cike fom, muka ɗora hoton katin baftismata, wanda Baba ya sa wa hannu da rubutunsa mai kama da tafiyar kaza. Bayan mako biyu amsa ta zo. Takarduna sun yi, amma mai karanta addini a wurinsu dole ya kawo shaidar baftismar nutsarwa da wasiƙar fastonsu.

Alhaji ya karanta, ya zare tabarau ya dube ni. "Malama, ashe ku ma kuna da irin wannan rigimar?"

"Muna da ita, Alhaji," na ce, "har da ta sayarwa."

Dariya muka yi, na fito. Na buga lambar da ke jikin fom ɗin ya fi sau goma. Ranar da aka ɗauka, wata mata ta ce mini doka ce, kuma ba ita ta kafa ta ba.

Na hau mota zuwa Karaye wajen fastonsu. Da ma ya yi mini wulaƙanci, da na samu wanda zan huce a kansa. Ina! Kujera ya ba ni, ya sa aka kawo mini kunun zaƙi, ya tambayi jikin Baba, har ya ce tun yana saurayi yake jin wa'azinsa.

"'Yata, ni ban ce Allah bai karɓi baftismarki ba," in ji shi. "Amma ba zan rubuta abin da ban gani ba. Nan da mako uku muna da baftisma a bakin dam. Ki zo mu sa ki a ciki."

"Baba Fasto, wato wadda mahaifina ya yi mini ba baftisma ba ce ke nan?"

Ya sunkuyar da kai. "A littafinmu, wannan ce za ta zama ta fari."

Mijina ya ce in ɗauke shi kamar wanka, in shiga in fito. Na ce masa shi ya sa bai taɓa zama dattijon coci ba. Ni dai na san abin da shiga ruwan nan yake nufi. Mutum sama da arba'in Baba ya yi wa baftisma da ƙwaryar nan, ba shi da gona mai kirki, ba shi da komai da zai nuna a duniya sai wannan aikin. Ga shi 'yarsa ta cikinsa za ta fara cewa bai yi ba.

Kwana shida ina juya maganar. Ran na bakwai da hantsi na sami Baba a inuwa yana ɓarar gyaɗa da lalube, na durƙusa na faɗa masa duka. Bai daina ɓarar ba.

"Babu wata makarantar?"

"Akwai, Baba, amma da nisa."

"Saboda ni ke nan." Ya jefa ɓawon gefe. "Ki je dam ɗin. Ba na so a ce ni na tsare ki."

Na so ya hana ni. Wallahi na so ya daka mini tsawa ya ce ban isa ba, in samu abin da zan fake da shi. Bai yi ba.

Ranar Lahadin baftismar na tafi ni kaɗai. Mu tara ne, duk sauran matasa ne, ni ce uwa a cikinsu. Matan zumunta na cocin suna ta waƙa a bakin ruwa, masunta sun tsaya daga nesa suna kallo. Fasto ya dafa kaina ya nutsar da ni, na taso ina tari. Jama'a suka yi guɗa, wata tsohuwa ta lulluɓe ni da zane tana yi mini barka da shigowa. Kuka nake yi, suka ɗauka na murna ne.

Cikin wata guda aka ba ni gurbin karatu. Darussa suka fara shigowa waya, nakan karanta wa Baba wasu da yamma, yana gyaɗa kai, wani lokaci ya gyara mini ayar da na faɗa ba daidai ba. Bai taɓa tayar da maganar dam ba, har na fara cewa ta wuce.

Wata rana ina cikin karanta masa sai ya ɗaga hannu.

"Malaman nan naku masana ne sosai ko?"

"Sosai, Baba."

"To ki tambayar mini su wani abu. Mahaifiyarki ma da ƙwarya na yi mata. Ita ga shi ta riga mu, ba dama a sake."

Shekara biyar ke nan da rasuwarta. Na ajiye wayar na kama hannunsa, na ce ba sai an tambayi kowa ba, tata ta yi, ta kowa ma ta yi, Allah ba yawan ruwa yake dubawa ba. Na faɗa da ƙarfi, don har zuciyata haka na yarda.

Ya juyo da fuskarsa wajen da muryata take, a hankali, ba da faɗa ba.

"To in ta yi, 'yata, me ya kai ki dam?"

Na saki hannunsa, na ɗauki wayar. Ya ɗan jira, sannan ya ce in ci gaba da karatun.