Hancin Inna Gumsu

Inna Gumsu ta zo Kano daga Borno a 1953 tare da mijinta, ma'aikacin reluwe. Da ya rasu ya bar mata gida mai soro a Fagge, dab da titin da ya raba su da Sabon Gari. Sana'arta turaren wuta. Ba ta awo da cokali ko gwangwani. Takan zuba hawi da kajiji da farce, ta sunkuya ta shinshina, hancin ya ce mata ƙara ko bari. In ta gama haɗi sai ta hau kan soro ta shanya a faifai kwana uku, don iska ta ratsa shi. Shekara ashirin da biyu ba a taɓa dawo mata da kwalba ba.

A Maris ɗin 1975 Alhaji Sammani ya sayi filin bayan gidanta ya fara gina shaguna shida. Tifa ta yi ta juye yashi, masu buga bulo suna kaɗe buhun siminti a gindin katangarta. Wata bakwai tana rufe faifanta da mayafi, tana tari, tana cewa gini ai yana ƙarewa.

Ya kuwa ƙare. Shago na ɗaya ya zama gidan burodi mai hura tanda da baƙin mai. Na huɗu mai fentin mota ya kama. Aka kafa injin wuta a baya, bututunsa na kallon tagar ɗakinta. Inna ta cire mayafin tunda ƙura ta kwanta, ta ci gaba da shanya.

Masu saye suka fara raguwa. Mace ba ta duban tsohuwa ta ce mata turarenta ya lalace. Sai dai a gaishe ta, a tambayi ƙafa, a wuce.

Comfort ce ta faɗa, wata tela daga Sabon Gari da ke turara kayan amare kafin ta miƙa su. Ta shigo ran wata Alhamis ta dire kwalba a tabarma.

"Inna, ango ya aiko a tambaye ni."

"Me ya ce, 'yata?"

"Wai wa ya ajiye babur a ƙarƙashin gadon amarya."

Inna ta buɗe kwalbar ta kai hanci. Ba ta ji babur ba. Ba ta ji hawi ba. Ta tashi ta shiga madafa ta buɗe ƙullin daddawa ta tura fuska a ciki, ta daɗe, sannan ta ɗaure shi ta dawo ta zauna.

Washegari ta yafa mayafi ta je wajen Alhaji Sammani. Ya tashi ya ba ta kujera, ya saurare ta har ƙarshe.

"Inna, wallahi ban sani ba. Bututu ya kalli tagar uwata? Gobe-goben nan za a gyara."

Ya cika alkawari. Mai walda ya zo ya lanƙwasa bututun sama, ya ƙara masa kamu shida. Bakinsa ya tsaya daidai da kan soron, inda faifan yake. Alhaji ya aiko da burodi biyu a tambaya ko ta ga aikin. Ta ce a gaya masa ta gani, Allah ya saka.

A asibiti suka ce ta nisanci hayaƙi. Ta tambaya ko har da nata. Suka ce har da nata.

Ba ta bar sana'ar ba. Ta mayar da shanya gidan ƙanwarta Kubura a Rijiyar Lemo, ana kai faifan a tasi. Hancin dai bai dawo ba. Hannu ya san yawan kajiji, amma bai san ko haɗi ya yi ba, don haka ta nemi Comfort ta riƙa zuwa kowace Alhamis da hantsi.

Comfort ba ta san sunan itace ko ɗaya ba, ba ta kuma nemi sani ba. Takan zauna, Inna ta miƙo mata kwalba tana kallon fuskarta. In ta yamutsa, a juye a sake. In ta ce, "Yau ba babur, Inna," sai Inna ta rufe murfin, ta miƙo ta gaba.