Baba Sai-Na-Gani Da Tukunyar Masu Sabulu

Ranar tafiya, kafin direba ya gama duba mai da ruwa, za ka same shi a bakin ƙofar kamfaninmu, jakarsa a ƙasa tsakanin ƙafafunsa. Ba wani kaya ba ne a ciki: rigar aiki biyu, hular kwano, tocila, 'yar guduma, sai maganin hawan jini da maiɗakinsa ke cusa masa a aljihun gefe. Shekara ashirin da shida ke nan yana wannan sammakon, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Kamfaninmu tukwanen tururi yake sayar wa masana'antu, manyan tukwanen ƙarfe da ake tafasa ruwa a ciki, tururin ya yi aikin injuna. Shi kuma aikinsa ya bi kowace tukunya inda aka kafa ta, ya duba lafiyarta, ya sa hannu a takardar shaida. Wata masana'antar tafiyar awa huɗu ce, wata sai an kwana biyu a hanya. Muna kiransa Baba Sai-Na-Gani, domin duk bayanin da ka yi masa a waya amsarsa ke nan. Direbanmu ya rantse ko taya ka ce masa ta yi faci, sai ya sauka ya latsa da yatsa.

Ni ce ke kula da hulɗa da abokan cinikinmu, don haka mun sha hanya tare. Tafiya ɗaya ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Shekara uku da suka wuce muka je wata masana'antar sabulu, babbar abokiyar cinikinmu. Kwangilarsu ta zo ƙarshe, ni kuma oga ya ce min kada in dawo sai da sabuwa. Mun isa da hantsi. Tireloli sun cika farfajiya suna jiran kaya. Manajan wurin ya tarbe mu da fara'a, ya kai mu ofis mai sanyi, ga shayi, ga takardu biyu a kan tebur, tawa da ta Baba.

"Baba, ka sha hanya," in ji manajan. "Tukunya lafiyarta ƙalau. Sa hannu kawai ka huta."

Baba ya yi godiya, ya sa hularsa, ya tambayi hanya.

Ɗakin tukunya zafi kamar ya cire maka fata, ƙara kuwa sai ka ɗaga murya. Mai kula da ita, wani dattijo mai furfura a gemu, ya gaishe mu yana kallon ƙasa. Baba ya tsaya gaban ma'aunin matsi. Allurar tana dab da jan layi. Ya hau tsani zuwa saman tukunyar, inda bawul ɗin tsaro yake, wanda ke buɗewa da kansa ya saki tururi in matsi ya yi yawa. Ya haska tocila. Da ya sauko, ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Ɗan'uwa, wa ya ɗaure shi da waya?"

Dattijon ya ce, "Ni ne. Yana ta sakin tururi, aiki na tsayawa, aka ce in ɗaure."

"Tun yaushe?"

"Yau kwana tara."

Baba ya juya ga manaja. "Yallaɓai, a kashe wuta yanzu."

Fara'ar manajan ta ɗauke. Ya ce a ba shi kwana biyu ya sallami tirelolin nan, sannan a yi duk abin da ake so. Baba ya ce ko awa biyu ba shi da ita. Sai manajan ya dube ni: "Hajiya, ki yi wa mutuminki magana, in ba haka ba ki kwashe takardarki."

Abin da na yi ina jin kunyarsa har yau, amma zan faɗa. Na ja Baba gefe na ce, "Baba, don Allah, ba za a ɗan rage wutar kawai ba?"

Bai yi min faɗa ba. Ya nuna wata 'yar taga a jikin bango. "'Yata, leƙa can ki gaya min abin da kika gani."

Na leƙa. Mata ne sun fi sittin, a jere gefen dogon tebur suna naɗe sabulu, suna hira suna dariya. Bulo ɗaya ne tsakaninsu da tukunyar.

Kafin in juyo, manaja ya kira ogana, ya miƙa wa Baba wayar. Ina jin muryar oga tana tashi daga inda nake tsaye. Baba ya saurara har ya gama, sannan ya ce, "Yallaɓai, gobe in ka ga dama ka sallame ni. Yau dai ni ne a nan." Ya mayar da wayar.

Manaja ya aika a kira masu gadi. Dattijon nan na tsaye gaban makunnin wuta, ya dubi mai gidansa, ya dubi Baba.

"Ina da iyali," ya ce.

"Na sani. Ni na tilasta ka, haka zan rubuta, da sunana a ƙasa. Kashe."

Ya kashe. Amma allurar ba ta sauka ba. Ƙarfen ya riga ya ɗauki zafi, sai ma ta ƙara matsawa ta hau jan layin. Baba ya ce min, "Je ki fitar da matan can. A hankali. Kada kalmar gudu ta fito daga bakinki." Na je na ce musu ana ɗan gyara, a fita farfajiya. Suka fita suna mita, wasu har da tsayawa neman takalmi.

Masu gadin sun zo, suka ga allurar, suka tsaya daga nesa. Baba shi kaɗai ya rage a ciki, yana murɗa famfon sakin tururi da hannu, kaɗan-kaɗan. Minti arba'in muka yi a rana muna kallon ƙofar ɗakin. Da ya fito, rigarsa kamar an tsamo ta daga ruwa. Ya ce, "Ta sauka."

Ba a yi mana godiya ba. Manaja ya ce mu bar masa harabarsa. A mota, Baba ya ɗauko maganinsa, hannunsa ya kasa ɓare shi, sai direba ne ya ɓare masa. Da muka dawo, takardar tuhuma ce ta tarbe shi, oga ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwarsa.

Bayan mako biyu aka buɗe tukunyar, aka tarar da tsaga a cikinta, tsawon tafin hannu. Duk da haka kwangilar ta tafi wajen wasu. Sai da aka shekara mai masana'antar ya kira da kansa, ya ce a dawo, amma da sharaɗi: a turo musu tsohon nan mai taurin kai. Manajan ya riga ya bar wurin. Dattijon yana nan a bakin aikinsa, domin rahoton Baba ya wanke shi.

Baba, kai ne ka yi shekaru kana hawa tsanin da masu manyan kujeru ba su san da shi ba. Kai ne ka ga raunina a ranar, ba ka taɓa faɗa wa kowa ba, har sai yau da na faɗa da kaina. Namijin duniya, mai tsayawa inda ake gudu, mun gode.

Mutum biyu aka ɗauka su gaje shi. Ku da duk wanda ake aikawa duba aikin wani, ku je inda injin yake tukuna, ofis zai jira ku.

Maiɗakinsa ta ce ita dai ba ta san yadda za ta yi da shi a gida ba. Tun kafin ya ajiye aiki ya fara bi gida-gida yana duba wa maƙwabta tukunyar gas. Ki yi haƙuri, Mama, ki bar shi. Allah ya ƙara masa lafiya, ya hutar da ƙafafun nan da suka sha hanya dominmu.