Inda Uwar Baba Take Kwance

Ruwa ba ya yawan sauka a Doha, amma ranar da aka ɗan yi yayyafi a unguwarmu ta Aziziya, ƙamshin ƙasa sai da ya tsayar da ni a bakin mota. Ƙamshin makabartar garinmu ne sak, a farkon damina.

Kada ka ce wane irin mutum ne wannan, yana tuna makabarta yana murmushi. Kakana ne ya ja mini. Duk shekara, da ruwan farko ya sauka, sai ya saɓa fartanya ya ce in ɗauko kwando, mu je mu cike kaburburan da suka rufta. A garinmu ba a rubuta suna a kabari, fasasshiyar tukunya ce kawai ko reshen icce. Amma tsohon nan ya san kowa. Yana jan ƙasa yana faɗa mini: wannan ne ya fara zuwa daga gabas da raƙuma, wancan ƙanensa ne marini, wanda har ya mutu baba bai bar hannunsa ba. Ni kuwa hankalina na kan 'ya'yan aduwar da suka zube. "Ragon banza," yake cewa, "da wannan ƙarfin za ka ƙwace mini mata?"

Akwai kabari ɗaya a gindin aduwar, kusa da wani suri, da yake daɗewa a kansa. Sau ɗaya tak ya ce, "Uwar ubanka ce." Wajen haihuwar Baba ta rasu. Baba kuwa ɗan fari ne, ka kuma san kunyar mutanen da. Har Kaka ya rasu bai taɓa kiran sunansa ba, balle su zauna hira. Abin da ya kasa faɗa wa ɗansa sai ya faɗa wa jikansa.

Sai bara na gane Baba bai sani ba. Ya kira ni a waya, muka gaisa, sai ya ce, "Ya taɓa nuna maka inda take?" Dattijo da furfurarsa, yana tambayar kabarin uwarsa kamar mai neman alfarma. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai.

Washegari ƙanena ya kai shi, ya ɗaga waya yana nuna mini wurin, ina zaune a ofis a Lusail, kusa da Doha. Gidaje sun matso, surin ya baje. Amma aduwar tana nan. Na ce su ba ta baya su fuskanci gabas. "Baba, ga ta nan a gabanka."

Ya cire takalmi ya tsuguna, ya daɗe yana addu'a. Da ya ɗago ya ce, "Ashe duk shekarun nan ta gefenta nake wucewa in tafi gona, ban taɓa yi mata sallama ba."

Na ji daɗi da Allah ya sa ya sani da ransa. Da na tashi daga aiki na zaunar da nawa ɗan farin, na kira shi da sunansa, na ba shi labarin tun daga farko.