Likkafanin Iya Kande a Ƙarƙashin Kitika

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha biyu ga watan Rajab na shekara ta 1376, wato Fabrairun 1957 a lissafin Nasara, da hantsi, Allah ya karɓi ran kakata Iya Kande ta Ƙofa, bayan 'yar gajeruwar jinya. Ni Shitu direba, jikanta ta wajen uwa, wanda duk garin ya sani da sunan mijinta, ina Yako ina lodin gyaɗa aka zo mini da labarin a kan keke.

Iya, wace irin mata ce ke tafiya ba ta yi wa maigida sallama ba? A zaman makoki jikokinki sun taru za su yi miki wasan da aka saba yi wa kaka, suna ta kallona, suna jira in fara, don ni ne babba a wannan fanni. Na buɗe baki ya ƙi. Abin da baki ya kasa ranar nan, shi ne nake sawa a takarda yau.

Tun ban san hannun damana ba kike ce mini ango, ina ce miki amarya mai haƙori ɗaya. Na sha ɓoye miki mazari a cikin jinka, ki wuni kina nema kina zagin ɓeraye. Ke ma ba ki bar ni ba. Kin dama mini fura da barkono, kika zauna kina kaɗi kina tambayata ko ta yi daɗi. Ke kika gaya wa 'yan matan unguwa cewa talotalo ya taɓa kora ta har cikin rumbu, kuma har yau ba a daina tsokanata da shi ba. Amma ban taɓa dawowa daga hanya na tarar da akushina babu tuwo ba. Ba ni kaɗai ba, duk direban da mota ta lalace masa a Ƙofa ya san ƙofar ɗakinki, ya san kokonki. Ba ki tambayar sunan mutum sai ya ƙoshi.

Akwai abu guda da nake so wanda bai sani ba ya sani, wanda ya sani kuma kada ya manta.

Shekara biyu da suka wuce, maigidana Alhaji Surajo, mai sayen gyaɗa, ya sayo kitika a wani kamfani a Kano, 'yar ƙaramar motar nan mai buɗaɗɗen baya. Ba sabuwa fil ba ce, wani Bature ya ɗan hau ta, amma har warin fenti bai bar ta ba. Kamfanin ya yi alkawarin duk abin da ya taso zai gyara. Alhaji ya danƙa mini mabuɗi, na tashi daga karen mota na zama direba. Ranar kika ce yanzu kam kin yarda a ɗaura auren.

Ba a jima ba na lura motar tana shan baƙin mai fiye da ƙima. In na cika da safe na je Tudun Wada na dawo, in na zaro ƙarfen awo sai in ga ya yi ƙasa. Muka kai ta Kano. Suka ajiye ta a layi har ta huce, suka wanke injin tas, suka ɗaure notuna, suka ce an gama. Ba a gama ba. Muka sake komawa, suka canza fakin, wato abin da ke toshe mahaɗar inji kada mai ya zuba, suka tayar da ita a farfajiya, ko ɗigo bai fito ba. Da muka koma karo na uku sai akawunsu ya ja Alhaji gefe ya ce motar lafiyarta ƙalau, a binciki direba.

A nan bakina ya jawo mini. Mutanen ƙauye suna son baƙin mai, suna shafa wa jaki a gyambo, suna shafa wa azara don gara. Ni kuwa saboda haushin yadda motar ke shanye shi, in na tsaya a tasha sai in maƙe murya kamar 'yar talla in ce, a sayi baƙin mai da ɗuminsa. Kowa ya yi dariya. Wani bai yi dariya ba, ya kai wa Alhaji. Na ce a duba ƙasa inda nake tsayawa, to ƙasar tasha ta riga ta yi baƙi da man manyan motoci. Na nuna wa Alhaji danshi a ƙarƙashin inji, ya ce mutumin da ya taɓa sa kwaɗo a butar ladan ba zai kasa shafa mai a ƙarfe ba.

Ya kira ni zaure ya karɓi mabuɗinsa. Ya ce, “Ban ce kai ɓarawo ne ba, Shitu. Amma kamfani ba ya wasa, kai kuwa ba ka da aiki sai wasa.”

Bai ce ba, amma gari ya ce. Yara suka fara bina suna kiran Shitu mai baƙin mai. Na zo masallaci na ga wani dattijo ya ɗauke takalminsa ya shiga da shi. Da can in an ɗauke takalmi saboda ni, ana dariya ake ɗaukewa. Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Mahaifiyata ta daina fita unguwa. Sai a lokacin na san ashe duk wasan da nake yi, mutane suna ƙyale ni ne don sun yarda hannuna tsarkakakke ne. Abin da ake shirin raba ni da shi ke nan, ba mota ba.

Ke kaɗai ba ki tambaye ni ko na yi ba. Kika ɗauki sandarki da wani ƙunshi, kika ja ni har zauren Alhaji.

Kika ce, “Alhaji, barka da hutawa. An ce ka sallami mijina. To wa zai ci da ni?”

Ya ce, “Iya, ai kin fi kowa sanin halinsa.”

Kika ce, “Na sani. Zai ɓoye maka takalmi, amma ba zai sayar da shi ba. A yi wa motar lodi, ka zauna kusa da shi, a je Kiru a dawo. Ni ma da ni za a je.”

Alhaji ya ji kunyar furfurarki ya yarda. Ba ki taɓa shiga mota ba sai ranar. Aka ɗora ki a baya kan buhunan gyaɗa, kin rungume ƙunshinki, duk ramin da muka faɗa sai in jiyo ki kina salati kina cewa wannan ja'irin so yake ya zama gwauro.

Muka dawo Ƙofa ana fitowa daga sallar azahar. Kika sa na tsaya a fili gaban masallaci, inda mota ba ta taɓa tsayawa ba. Kika sa ɗanki, Kawu Mamman, ya riƙe mini hannu biyu, kada a ce na taɓa wani abu. Sannan kika dubi mutanen da suka kewaye mu, kika ce ana neman farin ƙyalle. Duk ga masu fararen riguna, ga masu rawani, kowa ya sunkuyar da kai. Sai kika kwance ƙunshin.

Farin saƙi ne, wanda duk Ƙofa ta san labarinsa. Ke kika tsinci audugar, ke kika gurza, ke kika kaɗa zaren a hankali shekara da shekaru, kika kai wa masaƙi, kika adana a ƙasan adudu da ƙanshin turare.

Alhaji ya ce, “Subhanallahi. Iya, ai wannan likkafaninki ne.”

Kika ce, “Ni na kaɗa, ni zan kwanta a ciki. Ƙasa ba za ta bi ka Kano ba, wannan kuwa zai bi ka.”

Kika durƙusa da tsofaffin gwiwoyin nan, kika tura babban ƙyallen ƙarƙashin mota, kika baje shi da sanda. Ba abin da ake ji sai ƙarfe yana ƙas-ƙas don zafi. In bai ɗiga ba na gama yawo a Ƙofa, kuma na ja ki kin tozarta a gaban jama'a. Can sai ga ɗigo ɗaya, baƙi wuluk a kan fari. Sai wani kusa da shi. Sai wani.

Kika ɗago kai kika ce, “Alhaji, ko mijin nawa ne ya shiga ƙarƙashi ya tofa?”

Allah ya saka wa Alhaji Surajo da alheri. A nan take, gaban kowa, ya miƙo mini mabuɗi ya ce in yafe masa. Ba kowane babba ke iya wannan ba. Washegari muka tafi Kano da ƙyallen a ninke. Ya shimfiɗa musu shi a kan tebur, ya ce ba za a wanke inji ba, ba za a bari ta huce ba, a ba shi makanike a hau hanya. Aka ba mu wani, muka zaga da shi har ta ɗauki zafi, ya kwanta ƙarƙashi. Ashe kaskon man ne ke da tsaga siririya kamar gashi, sai ƙarfe ya yi zafi take buɗewa, in ya huce ta haɗe. Suka sa sabo kamar yadda suka yi alkawari. Makaniken ya tambayi ko ƙyallen wa ye, da aka gaya masa ya ce a gaishe ki.

Kin wanke shi da sabulun salo, kin wanke da toka, tabon ya dushe amma bai fita ba. Sabon kaɗi kuwa ido ya riga ya ƙi. Na sayo miki farin yadin alawayyo mai kyau a Kano, na ce ga shi, miji ya fita kunya. Kika karɓa kika sa mini albarka. Da rani wani baƙo ɗan ci-rani ya rasu a garin ba shi da kowa, sai ga alawayyona a jikinsa. Na sake sayowa, wata maƙwabciyarki da ba ta bar kowa ba ta tafi da shi. Na yi miki faɗa, kika ce, “Ango, in kana da hali ka yi ta sayowa, masu tafiya ba su ƙarewa. Ni ina da nawa.”

Ranar Talatar nan mata suka buɗe adudu, shi kaɗai suka tarar. Na ce a jira ni in ruga kanti. Mahaifiyata ta ce kin bar wasiyya, a cikinsa kike so. Aka tambayi Liman, ya ce man inji ba najasa ba ne, a cika mata burinta. Ina cikin waɗanda suka karɓe ki a bakin kabari. Da na sunkuya sai na ga tabon nan wajen ƙafafunki, yadda ɗige-ɗigen suka jeru ranar azahar ɗin nan. Sai Kawu Mamman ya sake riƙe mini hannu.

Iya, na gode. Kin saya mini sunana da abin da kika fi ji da shi a duniya, kuma ba ki taɓa goranta mini ba, sai dai in na ɓoye miki mazari ki ce ɓarawon baƙin mai ya dawo. Ke kaɗai ke faɗar wannan in yi dariya.

Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyata, da Kawu Mamman, da jikoki duka, da Alhaji Surajo wanda ya ajiye awo ya zauna makoki tare da mu, da direbobin da suka sha kokonta, da mutanen Ƙofa baki ɗaya. Allah ya ba mu haƙurin rashi. Duk wanda ta ɓata wa, ina roƙo ya yafe mata.

Allah ya jiƙan Iya Kande, ya gafarta mata, ya yalwata kabarinta, ya haskaka shi, ya sa Aljanna ce makomarta. Allah ya suturta ta kamar yadda ta suturta waɗanda ba su da kowa. Tabon nan da ta tafi da shi, Allah ya sa ya yi mata shaida a ranar tsayuwa, kamar yadda ya yi mini a gaban masallacin Ƙofa. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.