Gayyar Kunun Zaƙi

Har gobe in na ji ƙamshin citta a cikin kunun zaƙi, gonar doyarmu ta bayan Shabu nake tunawa. Ban yi makaranta ba, kuma ba na son dogon zance. Abin da na gani zan faɗa maka.

Shekarar da soja suka bar mulki babana ya rasu. Ya daɗe kwance a asibiti a Lafiya. Dangi sun zo, sun gaji. Waɗanda ba su gaji ba wasu mata ne masu farin ɗankwali, 'yan wani sabon coci da ke taruwa a rumfar kwano. Ba su san mu ba, amma su ke wanke zanin gadonsa, su kawo mana tuwo. Bayan an binne shi uwata ta bi su. Aka ce asiri suka yi mata. Babu wani asiri.

Cocin ya hana giya. Uwata kuwa ita ce gwanar burkutu a unguwarmu. Ta kife tukunyarta a bayan ɗaki.

A wurinmu ba a kiran gayya sai da burkutu. Ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi laushi, irin doya ya fara tsiro a rumbu, ga gona ko tudu ɗaya ba a ɗaga ba. In ba a shuka ba, yunwa ce. Mazan unguwa suka ce ba sa ɗaukar garma don kunun yara. Kakana, mahaifin babana, ya roƙi uwata ta dafa sau ɗaya tak. Ta durƙusa ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, na yi alkawari." Ya ce to, baɗi sai mu ci alkawari.

Ran Asabar da safe muka ji ganga daga bakin titi. 'Yan cocin ne da garemanin aro. Tela, 'yan acaɓa, mai gyaran rediyo. Ƙabilu daban-daban, Eggon, Tibi, Migili, suna waƙa da Hausarsu ta kasuwa. Zuciya akwai, noma babu. Tudunsu ƙanana, a karkace.

Kakana ya zo bakin gona don ya yi dariya, sai ya kasa jurewa. Ya fizge garmar telan.

"Wannan na doya ne, ko kabarin ɓera?"

Ya ɗaga guda, tsaf, har gwiwa. Mata suka rangaɗa guɗa, mai ganga ya koma bayansa yana binsa da kiɗa. Tun rasuwar babana ban ga haƙoran tsohon ba sai ranar.

Labari ya kai unguwa cewa tsoho yana noma da baƙi. Kunya ta fito da mazan ɗaya bayan ɗaya. Kafin rana ta faɗi gona ta cika da tudu. Ni da uwata muka riƙa zagayawa da kunu. Kakana ya shanye ƙwarya, ya goge baki, ya ce ba ya bugarwa, amma a ƙaro.

Bai taɓa shiga cocin ba har ya mutu. Uwata ba ta sake dafa giya ba. Wasu ƙawayenta sun daina gaishe ta. Da kunu ta raine mu.

Yanzu gidaje sun cinye gonar. Cocin ma ya rabu biyu, ni ba na zuwa ko ɗaya. Amma in ka ji wani ya bar hanyar gidansu, kafin ka zage shi ka tambayi wa ya wanke zanin gadon majinyacinsa.

Kunu nake sayarwa a garin Azuba. Tukunyar da nake damawa a ciki, ta burkutun ce.