Bindigar Athol Da Hannun Noreen

A garin Kulbarra, in famfon rijiya ya tsaya ko injin askin tumaki ya ƙi tashi, gidan Noreen Trembath ake nufa. A rumfar mahaifinta ta koyi aikin ƙarfe tun tana hawa akwati kafin hannunta ya kai tebur, da ya rasu kuma ta gaji rumfar da kayan aikinsa. Gyaran bindiga daga baya ya shigo. Mijinta Clarrie ɗan ƙungiyar masu gasar harbi ne, ya gaji da aika bindigarsa birni tana yin wata biyu, ya lallaɓe ta ta yi karatun ta karɓi lasisi. Shekara ashirin da uku ita ce mai duba bindigogin ƙungiyar. Ba ta cika magana ba, amma in ta ce bindiga ta gyaru, ba mai sake tambaya.

Gwanin ƙungiyar kuwa Athol Quigley ne, tsohon direban jirgin ƙasa, dogo, mai baki kamar rediyo. Aminin Clarrie ne tun suna makaranta, yana cikin waɗanda suka ɗauki makararsa. Bayan rasuwar bai bar Noreen ta zauna ita kaɗai ba. Duk Asabar sai ya tsaya da motarsa a ƙofarta ya danna hon, yana cewa tsohuwa ta fito kafin ta yi tsatsa kamar famfunanta. Ita kuma ta ce masa da yana harbi da baki da tuni ya ci kofin duniya. Haka suke, har mutane suka daina jin su.

Matsalar ta fara ne cikin watan Afrilu. Bindigar hannun Athol irin mai ɗura kanta ce: in ka harba, samanta ya ja da baya, wata 'yar ƙugiya ta fizgo kwanson harsashin, wani ɗan ƙarfe ya tunkuɗa shi waje, sannan sifirin ya mayar da saman gaba da sabon harsashi. Sai ga shi kwanso ya fara maƙalewa a tsaye a bakin tagar da yake fita, saman ya cije shi. Athol ya ajiye mata ita a tebur ya ce yarinyarsa ta fara taurin kai.

Noreen ta bi ta daki-daki yadda ta saba. Ta wanke makwancin harsashin, ko datti ne ke riƙe kwanson. Ta sa madubi ta duba bakin ƙugiyar, ba ta ga inda ya gutsure ba, ta gwada ƙarfin riƙonta, daidai yake. Duk da haka ta sauya ta. Asabar ta zagayo, bindiga ta sake cijewa. Ta duba ƙarfen tunkuɗawa, ta sauya gidan harsashi, ta ce ya daina amfani da harsasan da yake ɗurawa da kansa ya sayi na kamfani. Athol ya bi duk abin da ta ce, abin bai daina ba. A wurin gashin nama bayan harbi aka fara tsokanarta, wai idon Noreen ya fara tafiya hutu. Ta yi dariya tare da su, amma ranar ko rabin burodinta ba ta ci ba.

Wata Laraba da safe ta ɗauki bindigar ta tafi filin ita kaɗai. Harsashi ɗari biyu ta harba, kwanso ɗari biyu suka faɗi a damanta, kusan wuri ɗaya. Ta daɗe zaune a kan benci tana kallonsu.

Asabar ɗin da ta biyo ba ta kalli bindigar ba, hannun mai ita ta tsaya kallo. Ta ga babban yatsansa na dama yana 'yar rawa kafin ya ɗaga, ta ga yadda yake danne shi da ɗayan hannun. Da ya harba, wuyan hannun ya karye baya kamar na mai jin barci. Irin wannan bindiga tana son a tokare ta. In hannu ya bi ta baya, saman ba ya samun ƙarfin kaiwa ƙarshe, sai kwanso ya tsaya a hanya. Kowane sabon shiga ya san wannan, amma bai taɓa zuwa ranta ba ta zargi hannun da ya ci kofi goma sha ɗaya.

Ta bari sai da suka shiga mota, kafin ya murɗa makulli.

"Athol, tun yaushe hannunka yake haka?"

Ya kafa wa gilashin motar ido. Can ya ce tun Janairu. Ya ga likita a birni, an gaya masa sunan ciwon, kuma ba mai warkewa ba ne. Matarsa Glenys kaɗai ta sani.

"Tun Janairu," in ji ta. "Ka bar ni wata biyu ina kwance bindiga mai lafiya, ana yi mini dariya."

"Na yi zaton ko za ki samo wani abu a jikinta, Nor. So nake ki samo."

Wannan maganar ce ta kashe mata jiki. Ya roƙe ta ta rufa masa asiri zuwa gasar yanki ta watan Satumba, ya yi ta ƙarshe ya sauka da mutuncinsa. Yana tsoron in maganar ta fita za ta kai ofishin lasisi, a zo a karɓe bindigoginsa a gaban maƙwabta. Noreen ta san bai kamata ba. Ta tuna ranar jana'izar Clarrie, ta ce to. Ta sa masa sifirin mai laushi don saman ya riƙa ja da baya cikin sauƙi, ta gaya masa wannan ba magani ba ne, jinkiri ne kawai. Ya kama hannunta ya ce ba zai manta mata ba.

Sifirin ya yi masa wata biyu yana aiki. Ciwon kuwa bai tsaya jiran Satumba ba. Ranar gasar, a garin maƙwabta, bindigar ta cije sau biyu ya gyara ya ci gaba. A na uku hannun ya kuɓuce masa yana ƙoƙarin fidda kwanson, bakin bindigar ya juya ya fuskanci alƙalin filin. Bindigar ba ta tashi ba, ba wanda ya ji ciwo, amma nan take aka fitar da shi daga gasar, aka kuma ce ƙungiyarsu ta rubuto bayani.

Aka kira taron kwamiti ranar Lahadi da rana a ɗakin ƙungiya. Shugabar, Raelene Dunstan, malamar makaranta ce mai son komai a rubuce. Ta ce Athol ya faɗi abin da ya faru. Noreen tana zaune a ƙarshen tebur da kofin shayinta, tana jiran ya faɗi gaskiya, har tana shirya yadda za ta tsaya masa in an taso masa.

Athol ya sa hannun damansa a ƙarƙashin tebur. Ya ce shi ba ya son ɓata kowa, Noreen 'yar'uwa ce a wurinsa. Amma tun Afrilu bindigar nan take hannunta, an sauya wannan an sauya wancan, a ƙarshe aka sa mata sifirin da ba na kamfaninta ba. Ya ce shekaru kan kama kowa, ba laifi ba ne. Da muryar tausayi ya yi maganar, har wani ya gyaɗa kai.

Raelene ta juyo ta tambayi Noreen ko gaskiya ne ta sa wannan sifirin. Noreen ta ce gaskiya ne. Raelene ta tambaye ta dalili.

Noreen ta dubi Athol. Ya kafa wa sukarin da ke tebur ido. Kalma huɗu kawai za ta faɗa ta wanke kanta, suna bakinta, tana jin nauyinsu. Ta kuma san in ta faɗa, dole ta ƙara da cewa ta sani tun Yuni ta bar shi ya shiga fili da mutane a gefensa. Ba wannan ne ya hana ta ba. Ta yi alƙawari a mota, kuma ba ta iya kwance mutum a gaban jama'a ba, ko da shi ya iya.

"Bindigar lafiyarta ƙalau," in ji ta. "Ku kai wa duk wanda kuke so ya duba."

Kwamiti ya yanke cewa daga yau mai gyara na birni zai riƙa duba bindigogin ƙungiya, aka rubuta godiya ga Noreen bisa doguwar hidima. Ta ajiye makullin ma'ajiya a tebur, ta wanke kofinta, ta tafi gida a ƙafa.

Washegari da hantsi ta je gidansa. Glenys ta buɗe ƙofa, ta kasa haɗa ido da ita. Athol yana bayan gida yana ba tumatirinsa ruwa, tiyo yana rawa a hannunsa. Ya fara cewa ta gane halin da yake ciki, ta katse shi.

"Ban zo jin wannan ba. Kafin Juma'a ka miƙa wa hukuma bindigoginka. In na sake ganinka a fili da ɗaya a hannu, ni da kaina zan rubuta wa ofishin lasisi, har da nawa laifin."

"Haba Nor, shekara arba'in."

"Na ƙirga su jiya a hanya."

Ya miƙa su ranar Alhamis. A mashaya ya gaya wa mutane cewa ya daina ne don ya kasa yarda da bindigar tun da aka taɓa ta. Maganar ta zaga gari. Masu kawo wa Noreen bindigogin farauta suka ragu, wasu ma famfonsu suka fara kaiwa wani wuri. Ba ta bi kowa da bayani ba. Da lokacin sabunta lasisinta ya zo, ta bar takardar a kan firji har wa'adin ya wuce.

Kafin shekara ta zagayo ciwon ya fito fili. Athol ba ya iya ɗaga kofi sai da hannu biyu, mutane kuma suka fara haɗa lissafi da kansu. Raelene ta zo rumfa da kek a faranti, ta zauna a kan durom ta ce sun yi kuskure, ko Noreen za ta dawo. Noreen ta yanka kek ɗin, ta dafa shayi, ta ce ta gode, amma famfuna sun ishe ta.

Daga baya 'yar Athol da Glenys ta zo ta kwashe su zuwa birni. Sau ɗaya Athol ya bugo wa Noreen waya, wata ranar Kirsimeti da safe, muryarsa ta yi ƙasa har sai ta danna kan wayar a kunne. Ya tambayi ruwan sama, ya tambayi karenta, ya ba ta labarin abincin asibiti. Ta tsaya a kicin tana amsa masa, tana jiran ya ba ta haƙuri. Sun yi minti goma sha biyu. Daga nan ya ce ana kiransa, ta ce ya gaida Glenys.

Noreen tana nan da ranta, ta haura saba'in. Har yanzu tana buɗe rumfa ƙarfe bakwai, kuma in hanya ta biyo da ita ta gefen filin harbi ranar Asabar, takan ɗaga gilashin mota don kada ta ji ƙarar bindiga.